Mu ma fa mun buga gem, a daina yi wa yara ƙarya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, don Allah a ɗan ba ni fili in ce wani abu a kan rubutun nan da kuka buga kwanakin baya game da yara da wasannin waya. Na karanta shi har ƙarshe kuma galibin abin da marubucin ya faɗa gaskiya ne, amma akwai wurin da na zo sai da na ajiye jaridar na yi ta dariya ni kaɗai, wurin da yake cewa wai mu a zamaninmu ba mu san komai ba sai littafi da aikin gida. Haba malam! Ban san shekarunsa ba, amma in dai sa'ana ne to ko dai ya manta ko kuma laifi tudu ne ya taka nasa yana hango na yara, don ni dai na san akwai wani ɗan akwatin gem fari da ja da ya cinye mana rabin ƙuruciya, kuma jan kunnen da muka sha a kansa ya fi wanda nake yi wa nawa yaran yau a kan waya nesa ba kusa ba.

Kawunmu ne ya kawo mana shi da ya dawo daga wata tafiya. Kwali ne mai hoton yara suna washe baki, a ciki akwai akwatin, hannu biyu masu waya da maɓallan da ake juya wasan da su, wata bindigar roba, adafta mai nauyi kamar dutse da kaset ɗaya rawaya. Babu wanda ya san yadda ake haɗawa, takardar bayanin ma da wani yare aka rubuta ta da ba mu iya ba, Yaya ne ya shiga bayan talabijin ya cire wayar eriya ya cusa ta gem ɗin, sannan aka yi ta murɗa abin neman tasha, ba ka ganin komai sai yayyafin nan na fari da baƙi da ƙara shiii, Baba yana tsaye yana cewa in kuka lalata min talabijin ku kuka da kanku, can kamar da wasa sai hoto ya fara karkacewa ya miƙe, sai ga sararin sama shuɗi da wani ɗan mutum mai hula da ake kira Mario a tsaye. Ba zan taɓa manta shirun da falon nan ya yi ba. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne mu ne muke juya abin da ke cikin talabijin, da can sai dai ka zauna ka kalli abin da aka ga dama aka nuna ma, yanzu ka danna dama mutum ya tafi dama.

Sai da na girma har na fara aiki sannan na gane wai ashe namu ma ba na asali ba ne, kwaikwayo ne. Na asalin kamfanin Nintendo na Japan ne ya fitar da shi ranar 15 ga Yuli 1983 da sunan Family Computer, su can suna gajarce shi su ce Famicom, injiniyan da ya jagoranci ƙera shi Masayuki Uemura ya rasu a ƙarshen 2021. Shi kansa kamfanin tsoho ne tukuf, tun 1889 aka kafa shi a birnin Kyoto kuma katin wasa mai zanen furanni yake bugawa kafin ya faɗa harkar lantarki. Da za su kai shi Amurka sai suka tarar kasuwar gem ta mutu murus tun 1983, an cika shaguna da kaset marasa kan gado har mutane sun daina saye, kai har kamfanin Atari ya kwashi kayansa da suka yi kwantai ya binne a wani juji a garin Alamogordo, mutane suna ta musu wai tatsuniya ce sai da aka tono su a 2014. Shi ya sa Nintendo suka sake masa kama, suka mai da shi ruwan toka, kaset yana shiga ta gaba kamar na bidiyo don kada masu shago su ji ƙanshin gem su gudu, suka sa masa suna NES suka fara gwada shi a New York a Oktoban 1985. Duka-duka sun sayar da kusan miliyan 62 a duniya. Amma wannan lissafin bai haɗa da irin namu ba, waɗanda aka riƙa bugawa a Taiwan da Sin ana watsawa ko'ina, a Rasha suna ce masa Dendy mai tambarin ɗan giwa, a Poland Pegasus, kowace ƙasa da sunan da ta ba shi, kuma yaran da suka taso da shi ba su taɓa jin cewa wani abu ya rage su ba. Abu ɗaya ne kawai ya ban mamaki, ranar da na fara jin kiɗan Mario na asali a intanet sai na ji kamar an sa shi gudu, ashe talabijin ɗin Japan da Amurka sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, na wasu ƙasashe da yawa sau 50, to akwatunan da aka yi don masu 50 ɗin komai nasu a ɗan sanyaye yake tafiya. Wato duk gwanintar da muke taƙama da ita a kan Mario mai tafiyar hawainiya muka yi ta.

Kaset ɗin nan rawaya an rubuta a jikinsa wai gem 9999999 ne a ciki. Mun yarda fa. Da ka kunna sai ga jerin sunaye da wasu tsuntsaye suna shawagi a bakin teku, ka yi ta gangarawa ƙasa har yatsa ya gaji, amma duk wanda ka zaɓa sai ka ga ko Mario ne da aka sauya masa launi, ko tanka ce da ta fara daga mataki na bakwai, in aka ƙirga na gaskiya ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Yaya ya taɓa ɗaukar littafi wai zai rubuta su duka, ya kai wajen ɗari biyu ya jefar da biron.

To amma Mario shi ne sarki, wannan babu musu. Super Mario Bros ya fito a Satumban 1985, Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka ne suka tsara shi, Koji Kondo ya yi kiɗan, kuma duk duniya takwas ɗin nan da matakai 32 da ke ciki gaba ɗaya kilobayit 40 ne, hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka yau ya ninka shi sau da yawa. Saboda ƙarancin wuri dole suka riƙa dabara, gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne launi kawai aka canja, shekara nawa muna kallo ba mu taɓa lura ba. Shi kansa Mario tun fitowarsa ta farko a Donkey Kong a 1981, lokacin ma kafinta ne ba mai gyaran famfo ba, an ba shi gashin baki ne don ɗigon da ake zana fuska da su ba su isa a fitar da baki ba, an sa masa hula don a huta da zanen gashi. Kiɗan nan da har yau in ka fara shi da baki sa'anka zai ƙarasa ma, da muryoyi biyar kacal injin yake iya fitar da sauti. Ni ina ganin wannan ƙuncin ne ma ya sa abin ya yi kyau, don mutumin da ba shi da wurin ɓarna dole duk abin da ya sa ya zama yana da amfani.

Ni Luigi ne, ɗan'uwan Mario da mai hannu na biyu yake juyawa. Duk wanda ya taso a matsayin ƙane ya san me nake nufi. Hannu na ɗaya na babba ne, kai kuma ka riƙe na biyu ka zauna kana jira, don ba tare ake bugawa ba, sai Mario ya mutu sannan layi ya zo kanka, kuma Yaya gwani ne sai ya yi minti ashirin bai mutu ba, ina zaune hannu har ya yi gumi ina masa fatan faɗawa rami a zuci amma a baki ina cewa yi a hankali Yaya ga kunkuru nan. In Allah Ya sa ya mutu na karɓa sai kuma wata sabuwa, don gem ɗin daga hannu na ɗaya kawai yake jin maɓallin Start, a Famicom na asali ma hannu na biyu ba shi da Start da Select kwata-kwata sai wani ɗan makirfo da aka sa a madadinsu, namu na kwaikwayo yana da maɓallan amma ko ka danna har ka gaji ba abin da zai faru. To sai Yaya ya bari na taho da gudu na yi tsalle ina tsakiyar rami sai ya danna, komai ya tsaya cak, Luigi yana rataye a iska, ya kalle ni ya ce wai ƙaiƙayi yake ji a hannu, sai na saki maɓalli na juyo ina masa magiya sannan ya sake dannawa, sai dai ka ji kiɗan mutuwa. Na kai ƙara wajen Mama ya fi a ƙirga, ita kuma ba ta gane laifin ba, abin da take cewa kawai in ba za ku yi wasa lafiya ba a kashe.

Sai hura kaset. Wannan kam ban san wanda ya koya wa yaran duniya gaba ɗaya ba, babu intanet babu komai amma kowa ya iya. Ka sa kaset ka kunna sai hoto ya fito a wargaje ko fuskar ta yi launi ɗaya ɗif, sai ka kashe ka zare ka hura fuu daga wannan gefe zuwa wancan, ka mayar, in bai yi ba ka miƙa wa wani wai shi bakinsa ya fi sa'a. Kowa da salonsa, wani ta cikin riga yake hurawa, wani sai ya danna kaset ɗin har ƙasa sannan ya ɗan ɗago shi kaɗan. Gaskiyar maganar ita ce 'yan haƙoran ƙarfen da ke bakin kaset ɗin, 60 a na Famicom 72 a na NES, su ne ba su zauna daidai ba, cirewa da mayarwar ce take gyarawa ba iskar ba, danshin baki ma tsatsa yake jawo musu, kamfanin da kansa ya gargaɗi mutane su daina. Na san wannan yanzu sarai, amma ka ba ni kaset yau ya ƙi yi wallahi sai na hura.

Daga baya muka samu aron wasu kaset ɗin a wajen abokai, ana musaya, ka ba ni Contra kwana biyu in ba ka mai babur. Contra na kamfanin Konami shi ne ya fara ba ni damar bugawa tare da Yaya a lokaci guda, soja biyu babu riga suna ta ɓarin wuta, rai uku kowa, harsashi ɗaya ya taɓa ka ka tafi. Wani yaro ne a makaranta ya zo mana da laƙani a rubuce a bayan littafi kamar wani sirrin tsafi: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, sannan Start, in ku biyu ne ka danna Select kafin nan. Rai talatin! Ranar da ya ci mana sai da muka yi ihu Mama ta fito a guje ta ɗauka wuta ce ta ja wani. Ashe wani ma'aikacin Konami ne Kazuhisa Hashimoto ya ƙirƙiro shi a 1986 lokacin da yake gwajin Gradius don wasan ya fi ƙarfinsa, sai aka fitar da kaset ɗin da shi a ciki. Amma ko da rai talatin ɗin faɗa bai ƙare ba, a mataki na uku inda ake hawa dutse mai ruwa in na sama ya yi sauri sai hoton ya ja ya bar na ƙasa ya mutu a banza, kuma in rayukanka suka ƙare kana iya dannawa ka ɗauki na ɗan'uwanka. A nan nake ramawa, shiru zan yi in ta zarar nasa ɗaya bayan ɗaya sai ya duba ya ga saura biyu.

Tanka kuma, wanda sunansa na gaskiya Battle City na kamfanin Namco, ita ce ta ƙanwarmu. Tankokin abokan gaba ashirin a kowane mataki, ku kuma kuna tsaron wata mikiya da aka kewaye da bulo a ƙasa. Ita ba ruwanta da abokan gaba, da an fara sai ta juya ta fasa bulon ta harbe mikiyarmu da kanta ta kwashe da dariya.

Baba shi ne babban mai adawa, kullum maganarsa gem yana kashe talabijin yana kashe ido yana kashe karatu. Da lokacin labaran dare ya yi ko kana bakin ƙofar dodon ƙarshe ne sai an cire a mayar da eriya, babu ɗaukaka ƙara. Amma wata rana muka dawo daga makaranta da wuri muka same shi shi kaɗai a falo da bindigar robar nan, ya rufe ido ɗaya yana harbin agwagwa, ya kuskure, karen nan na Duck Hunt ya leƙo daga ciyawa yana masa dariya, muka ji Baba yana cewa kai wannan kare ba shi da kunya. Da ya gan mu sai ya ajiye ya gyara murya wai dubawa yake ko tana da haɗari ga yara. Mun daɗe muna gardama a kan yadda bindigar take sanin inda ka saita, Yaya ya rantse wani haske take harbawa da ido ba ya gani. Ashe ba ta harba komai, kallo take yi. Akwai ɗan ido mai jin haske a cikin bakinta, da ka ja kunama sai fuskar talabijin ta yi baƙi na ƙiftawa ɗaya, sannan a zana farin murabba'i daidai inda agwagwar take, in idon ya ga farin to ka samu. Shi ya sa ake ganin hoton yana walƙiya duk harbi, kuma shi ya sa ba ta aiki da talabijin ɗin yanzu masu faɗi, don su suna ɗan jinkiri kafin su nuna hoto sai lissafin ya ɓaci. Kuma mai riƙe da ɗayan hannun yana iya juya agwagwar in ɗaya ce ke tashi, wannan na gano shi da kaina kuma ban gaya wa Yaya ba sai da na daɗe ina wahalar da shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani hutu da muka ɗaura ɗamarar sai mun ga ƙarshen Mario. Babu ajiya a lokacin, ka kashe ka koma farko, sai irin su Zelda da suka zo da batir a cikin kaset a 1987 ne suke tuna inda ka tsaya, mu kuma ba mu da shi. Mun riga mun san hanyar ɓoye, a 1-2, wato duniya ta ɗaya mataki na biyu, ka hau saman rufin ka wuce bututun fita ka samu bututu uku da za su kai ka duniya ta 2 ko 3 ko 4, a 4-2 kuma akwai wata itaciya ɓoyayya da za ta kai ka har ta 8. Muka tara sulalla, kowane ɗari rai ɗaya, na haƙura da nawa layin na zama mai ba da shawara kawai, adafta ta yi zafi har ba ta taɓuwa muka juyo mata da fanka, aka kafa wa ƙanwarmu doka kada ta kuskura ta gifta ta kan waya. Muka wuce 8-1 da dogayen ramukan nan, muka wuce 8-2 da ƙyar, sai 8-3 inda kunkurayen nan masu jifa da guduma suke tsaye bibbiyu. A nan rayukan suka tsiyaye ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ina gani gudumar ta taho a hankali kamar a mafarki ta sauka a kan hular. Gem oba. Yaya ya ajiye hannun a ƙasa bai ce uffan ba ya tashi ya fita, ni kuma na zauna ina kallon 1-1 ta dawo kamar ba a yi komai ba. Malam Edita, bayan shekara fiye da ashirin ina karatu a intanet na ci karo da cewa in aka yi gem oba, ka riƙe A ka danna Start, zai mayar da kai farkon duniyar da ka mutu a ciki. Yana nan a cikin kaset ɗin tun ranar farko. Na kira Yaya a daren na gaya mai, ya yi shiru ya fi minti ɗaya sannan ya ce in kashe wayar kawai.

To duk wannan dogon labarin na kawo shi ne don in ce wa marubucinku matsalar ba wai yaran yanzu suna son wasa mu ba mu so ba ce, son ɗaya ne, kayan wasan ne suka canja hali. Namu yana korar ka. Rai uku ne ka ƙare ka tashi, wani yana jiran layi, adafta ta yi zafi, mai gida yana son labarai, kuma a tsakiyar falo yake kowa yana ganin abin da kake yi da tsawon lokacin da ka ɗauka. Kaset in an saya an saya kenan, duk abin da ke ciki naka ne, kuma yana da ƙarshe, ka ceto gimbiya an gama. Ba wai masu yin na da waliyyai ba ne, su ma da gangan suke tsananta wahalar, wani ɓangare gadon injinan gidan wasa ne da ake jefa musu kuɗi duk mutuwa, wani ɓangare kuma don ɗan ƙaramin kaset ya daɗe bai ƙare ba. Amma da yawa daga na waya yau kyauta ake saukewa sannan a yi ta tatsar ka a ciki, an gina su ne ta yadda ba za su ƙare ba, ka shiga kullum a ba ka kyauta, ka yi fashin kwana ɗaya ka rasa, ka ajiye wayar ita da kanta ta yi ƙara ta kira ka, ga akwatunan sa'a da yaro zai biya kuɗi bai san me zai fito ba, abin da ƙasar Beljiyam ta ce caca ce tun 2018. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem a jerin cututtuka a 2019, Sin kuma a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa uku a mako. Waɗannan ba a kan yaro mai son tsalle a kan kunkuru aka yi su ba. Kuma duk wannan yana faruwa ne a cikin bargo da dare inda babu Baban da zai ce a mayar da eriya. In za mu yi faɗa mu yi a kan wannan, mu duba wane irin gem ne a wayar, ina ake buga shi, yana da wurin tsayawa ko babu, amma mu ce musu mu ba mu taɓa yi ba, yaro ba wawa ba ne, ranar da ya ga yadda yatsunka suke tafiya a kan maɓalli ya gama gane ka.

Nintendo sun daina ƙera Famicom a 2003 suka daina gyara shi a 2007, namu kuwa ban ma san inda ya ƙare ba, wayar hannu na biyu ce ta fara tsinkewa aka ɗaure da salatif, daga baya Sega ta shigo sai PlayStation, aka tura shi ƙarƙashin gado shikenan. Na ji an sayar da wani kaset ɗin Mario da ba a taɓa buɗewa ba dala miliyan 2 a 2021, na ce ikon Allah, kaset ɗin da ba a taɓa hurawa ba me aka ci a cikinsa.

A 2016 sun fitar da wani ɗan ƙarami mai kama da NES da gem 30 a cikinsa, babu agwagwa saboda matsalar bindigar nan, na samu ɗaya daga baya na ƙaro hannu na biyu na haɗa a falo na kira babban ɗana. Da farko raina shi ya yi wai hoton duk ƙwaya-ƙwaya, ya ɗauki hannu ya tafi kai tsaye ya rungumi abokin gaba na farko ya mutu, ya sake ya mutu, ya sake, da aka rubuta gem oba sai ya juyo ya ce Abba ina ake sayen rai. Na ce ba a sayarwa. Ya ce to talla fa, in na kalla za a ƙara min? Na ce babu. Ya yi tsaki ya ajiye, na ɗauka shikenan, bayan kamar minti goma sai ga shi ya dawo ya ɗauka. Yanzu Asabar da Lahadi muke bugawa awa ɗaya, na bar masa Mario ni na koma Luigi na da na saba, kuma ban gaya masa maganar riƙe A ba tukuna, ina so ya ɗan ɗanɗana. Makon jiya na taho da gudu a 1-3 na yi tsalle tsakanin itatuwan nan masu tsawo sai komai ya tsaya cak. Na juyo, yaron nan yana kallon silin yana sosa hannu. Na tambayi Yaya ko shi ya koya mai, ya rantse ba shi ba ne, ni dai har yanzu ban yarda ba.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani tsohon Luigi mai karanta ku kullum